Shayin da Ba a Tafasawa: Zaɓen Ulong da Farin Ganye a Mafara, Bakura da Maradun

Ranar Talata, tun kafin rana ta ɗaga, bencin mai shayi na bakin tasha a Talata Mafara ya riga ya cika. Direbobin da dare ya riska a hanyar Gusau zuwa Sakkwato suka kwana a gari, 'yan dako, fatake masu jiran kasuwa ta ci, manoman rani da suka kawo shinkafa da albasa daga filayen Bakolori, kowa da kofinsa a hannu da yankan burodi a cinya.

Tambayar mai shayi ba ta wuce biyu. "Malam, kauri ko ruwan bunu? Sukari nawa?" Daga nan sai ya ɗaga kofi sama ya tsiyayo cikin wani, ya juya, ya sake, har kumfa ta taso.

Babu mai tambayar ƙasar da ganyen ya fito, balle shekarar da aka tsinke shi. Ganyen ma ba a ganinsa. Ko dai yana cikin 'yar jakarsa mai zare, ko yana gindin tukunya tare da citta da kanumfari tun asuba.

Sai dai wayar da ke aljihun mazauna bencin nan tana nuna musu wani shayin dabam. A Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp ana tallar ulong da farin ganyen shayi, cikin gwangwanaye masu rubutun Sinanci, tare da alkawarin rage tumbi, saukar da sukarin jini da gyaran fata. 'Yan kasuwar da ke zuwa sari Guangzhou sukan dawo da shi tsaraba. Yayin bai game gari ba, tsiraru ne ke nema: malamin makarantar da likita ya hana wa sukari, ɗalibi mai son gwada sabon abu, Hajiyar da ke son fita kunyar baƙi. Amma ramin da ke jiransu ɗaya ne. A sayi babban gwangwani da kuɗi mai nauyi, a dafa shi yadda aka saba dafa shayi, a kurɓa a yatsine fuska, gwangwani ya koma saman kwaba ya zama ado.

Masu cinikin ganyen shayi sun daɗe da samo maganin wannan asara: kwalin ɗanɗano, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙunshi na ganye iri-iri, domin mai saye ya gwada kafin ya zuba kuɗinsa. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, kwalin da aka haɗa don mazaunin Landan ko Beijing ba lallai ya dace da mazaunin Bakura ba. Zafin garinmu, ruwan da muke sha, da harshen da ya tashi cikin sukari, su ya kamata su yi zaɓin.

Ganye ɗaya, hannu daban-daban

Duk shayin gaskiya, baƙi ne ko kore, ulong ne ko fari, daga tsiro ɗaya yake fitowa, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Bambancin yana hannun mai sarrafawa. Idan aka tsinke ganye aka murje shi, iska kan shige shi ta sauya masa launi da ɗanɗano, yadda farin goro ke rinewa idan an gutsura an ajiye. Wanda aka bari iska ta ci shi sarai, shi ne baƙin shayi. Wanda aka yi maza aka ba shi zafi tun yana ɗanye don kada ya rine, shi ne kore.

Ulong yana tsakani, kuma shi ya fi cin wahala. A shanya ganyen ya yi laushi, a girgiza shi cikin faifan gora har gefensa ya ƙuje, a bar shi ya huta, a sake girgizawa. Mai aikin yana bi da hanci. Da ya ji ƙamshin da yake nema, sai ya tsayar da rinewar da wuta. Wani ulong ɗin kaɗan iska ta taɓa shi, kashi goma ko ashirin cikin ɗari, ruwansa ɗorawa-ɗorawa mai ƙamshin fure. Wani an bar shi ya kai kashi saba'in, an kuma gasa shi a kan gawayi, ruwansa ja mai ƙamshin gashi. Duk biyun sunansu ulong, abin da ya sa mutum biyu za su yi gardama a kan ɗanɗanonsa alhali kowa gaskiyarsa yake faɗa.

Gidansa na asali lardin Fujian ne a kudu maso gabashin ƙasar Sin. Gundumar Anxi ce ke yin Tieguanyin, wanda ake dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya. Duwatsun Wuyi ke yin gasasshen nan mai dogon murɗaɗɗen ganye, irin su Da Hong Pao. Lardin Guangdong na da Dancong, tsibirin Taiwan kuma na da Dong Ding da Alishan.

Farin ganye shi ne wanda hannu bai wahalar ba. Tohon da bai buɗe ba ake tsinkowa, wani lokaci da ganye ɗaya ko biyu na kusa da shi, a shimfiɗa ya yi yaushi kwana biyu ko uku, a busar. Ba murza, ba suya. Babu ruwansa da madara; farin gashin da ke lulluɓe da tohon ne ya ba shi suna. Fuding da Zhenghe, duk a Fujian, su ne cibiyarsa. Mafi tsada shi ne Baihao Yinzhen, toho zalla, siriri kamar allura. Sai Bai Mudan, toho da ganye. Sai Shou Mei, manyan ganyen da ake tsinka daga baya, mai araha, wanda kallonsa ba ya burgewa ko kaɗan.

Abin da muka riga muka iya

Kuskure ne a ɗauka ganyen da ba na jaka ba baƙo ne a wannan yanki. Duk majalisar da ake ɗora 'yar buta a kan gawayi ana haɗa ataya, ko shayin Buzaye kamar yadda wasu ke kiransa, ganyen ƙasar Sin take sha. Koren shayi ne, ko dai dunƙulallen nan mai lamba 3505 a jikin kwali, ko siririn mai lamba 41022 da 9371. Maroko ce kan gaba wajen sayensa a duniya, kuma al'adar ta bi sahara ta ratsa Muritaniya, Senegal, Mali da Nijar har ta iso mu.

Mai haɗa ataya ya san abin da mai jaka bai sani ba: ganye ɗaya yana ba da zagaye uku, kowane zagaye da halinsa. Mutanen Fujian da Guangdong haka suke shan ulong, sai dai su sukan kai zagaye shida ko bakwai. Inda aka rabu biyu ne. Mu tafasa ganye muke yi har ya fitar da ɗacinsa, sannan mu kashe ɗacin da sukari da na'a-na'a. Su kuwa ruwan zafi suke zubawa a kan ganye, su tace bayan 'yan daƙiƙu, ba sukari. Wanda ya yi wa Tieguanyin dahuwar ataya ya kashe kuɗinsa a banza, domin ƙamshin da ya biya tsada dominsa ya bi tururi.

Ita jakar shayi da muka saba da ita, ganyen cikinta galibi an niƙa shi ne da injin da aka ƙirƙiro a Assam ta Indiya wajen 1930, mai murƙushe ganye ya yayyaga shi ya dunƙule. An yi shi ne don ya ba da launi da ƙarfi cikin minti biyu, ya kuma jure madara. Aikinsa ke nan, yana kuma yinsa da kyau.

A Najeriya, wurin da aka san ana noman shayi shi ne tsaunin Mambilla a jihar Taraba, inda gonar Kakara ke samar da Highland Tea, aikin da ya samo asali tun shekarun 1970. Wani zai ce, ga madatsar Bakolori da aka kammala a 1978 tana shayar da filayen Mafara, Bakura da Maradun, ga kwalejin aikin gona a Bakura, me zai hana a gwada? Ruwa kaɗai bai isa ba. Tsiron yana son tudu mai sanyi, hazo, ƙasa mai tsami da ruwan sama mai yawa kusan duk shekara. Mambilla ta haura mita 1,500 daga teku. Bazararmu kuwa ko mako guda ba zai yi a cikinta ba. Saboda haka duk ganyen da za mu sha, sai ya yi doguwar tafiya.

Sukari da dala

Abu biyu ke tura mutane neman ulong da farin ganye, abu ɗaya ke tare su.

Na farko sukari. Ciwon sukari da hawan jini sun daina zama cutar masu kuɗi. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin gram 50 na sukarin da ake ƙarawa a rana, wajen ƙaramin cokali goma sha biyu, ta ce rabin haka ma ya fi. Kofin kauri ɗaya da zagayen ataya uku sun isa su cinye wannan kaso kafin magariba. Wanda aka ce ya daina sukari, in ya gwada ruwan bunu haka nan, ɗaci da bauri kan kore shi. Ulong mai kyau da farin ganye suna shawuwa ba sukari, suna ma da wani gardi na kansu da ke biyo baya a maƙogwaro. Wannan amfani ne na gaske.

Na biyu talla, wadda rabinta ƙarya ce. Za a zo kanta.

Mai tarewar kuwa farashi ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin shekarar da ta biyo. Duk abin da ake sayowa da dala ya ninka, ga kuɗin dako daga waje wanda sau da yawa yakan fi kuɗin ganyen. A irin wannan hali, sayen rabin kilo na abin da ba ka taɓa kai wa baki ba cinikin biri a sama ne.

Yadda ake duba kwali

Cinikin shayi dama can da samfur yake tafiya. A kasuwar gwanjon Mombasa ta Kenya, inda ake sayar da mafi yawan shayin gabashin Afirka, sai an raba wa masu saye samfur sun ɗanɗana kafin a buɗe taya. Labarin da aka fi bayarwa game da asalin jakar shayi ma na samfur ne: wani ɗan kasuwar New York, Thomas Sullivan, wajen 1908 ya riƙa aika wa abokan cinikinsa ɗanɗano cikin 'yan jakunkunan siliki, su kuma suka riƙa tsoma su cikin ruwan zafi haka nan.

Abu na farko da za a duba a kwali shi ne nauyin kowane ƙunshi, ba yawansu ba. Kwali mai iri ashirin, kowanne gram biyar, abin kallo ne kawai. Gram biyar zama ɗaya ne, kuma zaman farko kusan kullum a koyo yake tafiya: ko ruwa ya yi zafi da yawa, ko an bar shi ya daɗe. Iri huɗu zuwa shida, kowanne gram 15 zuwa 25, sun fi amfani nesa. Mutum zai samu zama uku zuwa biyar da kowane ganye, ya ɓata ɗaya, ya gyara, sannan ya yanke hukunci.

Na biyu, rubutun jikin ƙunshi. Mai sayar da gaskiya yakan rubuta sunan ganyen, yankin da ya fito, shekara da lokacin tsinka. Idan abin da ke jiki bai wuce kalmomin kuranta kaya ba, babu gari babu shekara, to shi ma mai sayarwar wataƙila bai san abin da ke ciki ba. Kwalin da aka shigo da shi don sayarwa a kantunan Najeriya ya kamata a ga lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikinsa.

Na uku, mazubi. Leda mai azurfa a ciki, wadda aka liƙe bakinta, ita ce ta dace. Kwalaben gilashi da aka jera cikin akwatin katako suna da kyan hoto, amma haske yana kashe ganye, kuma rabin kuɗin na akwatin ne. A raba farashi da jimillar gram, nan take za a ga abin da ake saya.

Sai haɗin kansa. Kwalin da ya cika da ɗanyen ulong, wato wanda ba a gasa ba, iri huɗu masu kama da juna bai koyar da komai ba. Wanda ya dace da mai farawa a nan shi ne mai faɗi: gasasshen ulong ɗaya ko biyu, na Wuyi ko Dong Ding, ɗanyen ulong ɗaya don a san ɗaya ɓangaren, Bai Mudan, da Shou Mei. A ganina gasasshen ulong ya kamata a fara buɗewa, domin shi ya fi kusa da abin da harshenmu ya sani, yana da launi, yana da jiki. Baihao Yinzhen kuwa, duk da shi ne sarkin talla, shi ya fi saurin ba sabon shiga haushi. Wanda ya tashi da ruwan bunu mai citta, in ya kurɓe shi zai rantse ruwan zafi aka ba shi. In yana cikin kwali, a bar shi sai ƙarshe.

A guji wanda aka cakuɗa da furanni, busassun 'ya'yan itace ko ƙamshin kwalba. Ba haramun ba ne, amma ba za ka san ganyen ba, kuma galibi ganye mai rauni ake yi wa irin wannan kwalliya.

Sunaye masu tsada

Da Hong Pao ya fi kowane ulong labari, don haka ya fi kowanne jan maƙaryata. Asalin bishiyoyinsa guda shida ne a jikin wani dutse a Wuyi, kuma tun 2006 hukumomin yankin suka hana tsinkar su. Abin da ke kasuwa yau daga dashen 'ya'yansu ne, ko kuma haɗin ganyen Wuyi daban-daban. Akwai mai kyau ƙwarai a ciki. Amma duk wanda ya ce nasa daga uwar bishiya ya fito, a rufe ciniki.

Haka ulong mai ƙamshin madara. Akwai irin shuka mai suna Jin Xuan da cibiyar binciken shayi ta Taiwan ta fitar a 1981, wanda ke da ɗan santsi da ƙamshin nono can ƙasa-ƙasa. Idan ka buɗe leda ƙamshin alewar madara ya buge ka, fesawa aka yi. Alamar ba ta ɓuya: a zagaye na biyu ko na uku ƙamshin zai gudu ya bar ganye fanko.

Farin ganye kuma ana yawan cewa ba shi da kafeyin, har ana ba masu ciki da masu fama da rashin barci shawarar su sha. Ba haka ba ne. Toho yana cikin sassan tsiron da suka fi tara kafeyin. Launin ruwa ba ya nuna ƙarfinsa.

Zafi, zartsi da turaren wuta

Nan ne shawarar masu sayarwa na waje ke ƙarewa, tamu ta fara.

Ɗanyen Tieguanyin, wanda ake ƙunshewa gram bakwai ko takwas a leda da aka zuƙe wa iska, a ƙasar Sin ma cikin firji ake ajiye shi. A Mafara, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Firjin da ke sanyi yau ya huce gobe ya fi rashinsa illa, domin raɓa ce za ta taru a cikin leda. Wanda ba shi da tsayayyar wuta, ya sha ɗanyen ulong ɗinsa cikin makonnin farko, kada ya yi masa tanadi.

Gasasshen ulong ya fi juriya, wuta ta riga ta kore masa danshi. Farin ganye ya fi su duka haƙuri. A Fuding da gangan suke tsufar da shi shekaru, suna matse shi faifai-faifai, farashinsa na ƙaruwa da shekarunsa. Tsohon Shou Mei ma dafa shi suke yi a buta, wani lokaci da busassun 'ya'yan wata itaciya 'yar uwar magaryarmu. Ke nan cikin kwalin duka, shi kaɗai ne zai yafe wa mai hannun ataya idan ya manta ya tafasa. Mafi araha, mafi muni a ido, shi ya fi dacewa da mu.

Lokacin oda ma abin lura ne. Hunturu ya fi: ba zafi, ba danshi. Yuli da Agusta, da iska ke jiƙe, ledar da aka buɗe aka bari sake takan yi fumfuna.

Sannan hanya. Saƙon da aka yi oda ba kasafai yake zuwa ƙofar gida a Maradun ko Bakura ba. Yakan tsaya Kano, Gusau ko Sakkwato, a ba direba a tasha. But ɗin mota kuwa akwai jarkar fetur, akwai buhun busasshen kifi, ga rana. Busasshen ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. A roƙi mai aikowa ya ƙara leda biyu, a kuma roƙi direba, ko da ɗan ihsani ne, ya ajiye a gaba.

In ya iso gida, maƙiyinsa na farko ɗakin uwargida ne. Turaren wuta da humra suna ratsa kwali cikin kwanaki. Madafa ma haka, ga daddawa ga yaji. Gwangwani mai murfi biyu, a ɗakin da ba a turare, nesa da taga, ya wadatar.

Ruwa shi ne mafi yawan abin da ke cikin kofi. Inda rijiya ko burtsatse ke da zartsi, farin ganye ba ya fitowa, sai ka ga ruwan ya dushe da wata yana a samansa. Citta da kanumfari sun daɗe suna rufa wa ruwanmu asiri, wannan ganyen kuwa tona shi yake yi. Kafin a yanke wa ƙunshi hukunci, a gwada shi da ruwa iri biyu, na gida da na leda ko na gora. A tafasa da murfi a rufe, a kan gawayi ko gas, kada hayaƙin itace ya shiga.

Ranar ɗanɗano

Butar da ta saba da kayan ƙamshi ba ta da amfani a nan, komai wankin da aka yi mata. Kofin tangaran ko na gilashi, da faranti a rufe, da 'yar rariya, sun isa.

Awo da cokali yana yaudara. Dunƙulallen ulong nauyi gare shi, cokali ɗaya zai buɗe ya cika kofi. Farin ganye kuwa sakayau ne, cike da tafin hannu bai fi gram huɗu ko biyar ba. Ƙaramin sikelin batir, irin wanda masu cinikin zinari suka sa ya zama sananne a kasuwannin jihar nan, shi ne daidai. Amma a sayi sabo. Jihar da ta ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta buƙatar a tuna mata kada sikelin da ya taɓa ƙasar ma'adinai ya kusanci abin sha.

Masu ɗanɗanon sana'a suna amfani da gram biyu a ruwa mililita 100, su bar shi minti shida, don duk aibin ganye ya fito fili. Mai sha don daɗi ba ya buƙatar wannan tsanani. Gram uku a matsakaicin kofi, minti biyu zuwa uku, sannan a ƙara ruwa a kan ganyen a sake. Ko kuma gram biyar a ƙaramin finjali, daƙiƙa ashirin zuwa talatin, zagaye bayan zagaye ana ɗan ƙara lokaci. Gasasshen ulong yana son ruwan da aka sauke yanzu. Farin toho da ɗanyen ulong, a bar ruwan ya ɗan huce minti biyu ko uku.

A gwada biyu-biyu, gefe da gefe, da ruwa ɗaya. Kada a yi bayan cin goro ko tuwo da miyar yaji. In an gama, a zazzage jiƙaƙƙen ganyen a faranti a duba. Ulong na gari zai miƙe ya koma cikakken ganye, sau da yawa da jan baki a gefensa. In tarkace ne da itatuwa da gari, an san abin da aka saya.

Masu ja da masu goyon baya

Mai shayi ba ya ganin wannan ganye a matsayin kishiya, kuma yana da hujja. Abokin cinikinsa abinci ya zo nema, abin da zai riƙe cikinsa har azahar. Kofin da ba madara, ba sukari, launinsa kamar ba a sa komai ba, rigima kawai zai jawo a teburi. Ga kuma lokaci: mai jiran mota ba zai zauna zagaye shida ba.

Dattawan majalisar ataya sun fi sauƙin kai a kan batun lokaci, tunda su dama zaman suke so. Abin da ke musu wuya shi ne rashin kumfa da rashin zaƙi, domin a wurinsu gwanintar mai haɗawa a kumfar take.

Ma'aikatan lafiya suna maraba da duk abin da zai rage sukari, amma tsoronsu talla ce. Babu ganyen shayin da ke maye gurbin maganin ciwon sukari ko na hawan jini. Abin da bincike ya nuna game da rage ƙiba ɗan kaɗan ne, bai kai abin da ake kururutawa ba. Haɗe-haɗen da ake sayarwa da sunan shayin rage tumbi kuwa, da yawa ganyen sa gudawa ne a ciki, irin su filasko, ba ulong ba. Akwai kuma batun jini: shayi kowane iri yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga hatsi da ganye, don haka mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar awa guda tsakaninsa da abinci, su kuma taƙaita.

Sai masu cewa wannan duk maganar ƙoshi ce. A yankin da 'yan bindiga suka hana ƙauyuka da dama noma, inda a 2021 har kasuwannin mako aka rufe aka katse layukan waya, wa ke da sukunin auna ganye da sikeli? Maganarsu tana da nauyi, ba za a ture ta ba. Amma masu sayen nan suna saye ko an yi rubutu ko ba a yi ba, kuma asarar mai sayen gwangwanin bogi ba ta ciyar da kowa. Lissafin ma bai kai yadda ake zato ba: gram biyar na Shou Mei zai zagaya majalisar mutum huɗu har sau biyar, ba a sayi sukari ba, ba a sayi madara ba. Abokai biyar da suka yi karo-karo suka sayi kwali ɗaya, kowa zai san abin da yake so da kuɗin da bai kai na gwangwani guda ba.

Ciniki na biyu

Wanda ya gama kwalinsa ya sami gwaninsa, saura tarko ɗaya. Samfur yakan fi kaya kyau. Wani lokaci da gangan ne, wani lokaci kuwa kakar ce ta sauya, domin Tieguanyin na watan Mayu da na Oktoba ba ɗaya ba ne ko da gona ɗaya ce, haka na bana da na baɗi.

Saboda haka kada a shanye ƙunshin da aka fi so. A rage gram biyar a liƙe. In za a yi oda, a faɗa wa mai sayarwa shekara da lokacin tsinkar da ke rubuce a jikin samfur, a ce shi ake so. A fara da gram 50 ko 100, abin da zai ƙare kafin bazara. Ranar da kaya suka iso, a jiƙa sabon da tsohon a kofi biyu, ruwa ɗaya, lokaci ɗaya. In sun yi daidai, an sami abokin ciniki. In ba su yi ba, a ɗauki hoton jiƙaƙƙen ganyen biyu a faranti a aika masa kafin a biya sauran kuɗi.